Amsar Wasiƙunku: Kaset Mai Kukan Gyare, Da Wasannin Kwamfuta Da Ba Su Shiga Kasuwa Ba

Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan mako, domin da muka dube su da kyau sai muka ga ashe Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mun karanta su a rediyo, amma lokaci ya ƙure mana kafin mu kai ƙarshen bayani, shi ya sa muka kawo muku shi nan cikakke.

Ta farko daga Boɗinga ta fito, daga wani mai gyaran rediyo. Ya ce ya sayi kwalin tsofaffin kaset cikin kayan gwanjo, sai ya tsinci guda uku da ba su yi kama da sauran ba. Ɗaya yana da bango mai launi da zanen jirgin sama, an rubuta Commodore 64 a jiki, biyun kuma rubutun hannu ne kawai a kansu. Da ya sa a rikoda bai ji waƙa ba, bai ji wa'azi ba, sai wani ƙara mai soke kunne kamar kukan gyare. Wani ya ce masa ya zubar sun lalace, wani kuma ya ce masa ya ɓoye, dukiya ce Allah ya ba shi. Ya ce: "Malam, mi ag gaskiyar wanga al'amari?"

Ta biyu daga garin Shagari, daga wani mai fataucin albasa. Shi kuma ɗansa ne ya nuna masa wani wasan agwagwa a waya, ya ce masa tun 1992 aka yi shi amma ba wanda ya samu bugawa sai 2015. Alhaji ya ce shi dai bai yarda ba, yana tambaya: shin wasa ma ana zuba shi a rumbu ne kamar gero, har ya shekara ashirin da wani abu?

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Malam na Boɗinga, kaset ɗinka bai lalace ba. Alhaji na Shagari, yaronka bai yi maka ƙarya ba. Ku gyara zama.

Ita wannan Commodore 64 kwamfuta ce ta zaman gida, wadda wani kamfanin Amurka mai suna Commodore, ƙarƙashin wani mutum Jack Tramiel, ya fitar a watan Agusta na 1982. Idan ka gan ta sai ka ce tafireta ce da aka cire wa wurin sa takarda. Ba ta da gilashin kallo nata na kanta, da akwatin talabijin na gida ake jona ta. Kuɗinta a farko dala 595 ne, wato wajen naira 400 a canjin gwamnati na wancan zamani, don kuwa a lokacin naira ta fi dala ƙarfi. Matasa ku daina dariya, ku tambayi iyayenku. Lambar 64 ɗin nan kuwa girman ƙwaƙwalwarta ne: tana riƙe abin da bai wuce haruffa 65,000 da 'yan kai ba a lokaci guda, kwatankwacin abin da ɗan firamare zai cika littafin rubutu ɗaya da shi. Hoto guda da kake ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau talatin ko fiye. Amma duk da haka an sayar da ita tsakanin miliyan 12 da miliyan 17 kafin kamfanin ya karye a watan Afrilu na 1994. A Ingila kuma tana da kishiya mai suna ZX Spectrum, ta wani Bature Clive Sinclair, wadda ta fito a watan Afrilu na 1982 a kan fam 125.

Wani zai ce, to mu me ya sa ba mu san su ba? Ai dalili a fili yake. A wannan wata na Afrilu 1982 ɗin ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar farashin man fetur, shigo da kaya daga waje ya zama sai da lasisi. Sa'an nan na'urar tana son lantarki, tana son talabijin, abubuwan da a ƙauyukanmu na kan hanyar Sakkwato zuwa Jega ba kowane gida ke da su ba. Mu abin da ya iso mana sai daga baya ne, wato irin su Nintendo da Sega na gidajen gem, inda muka riƙa kai kuɗin tara.

Yanzu batun ƙarar. Shi wasan kwamfuta ba komai ba ne illa dogon umarni da aka rubuta da lambobi: in an danna nan, mutumin ya yi tsalle, in ya taɓa wuta, ya mutu, in ya ɗauki makulli, ƙofa ta buɗe. To a wancan lokaci wurin ajiya mafi araha shi ne kaset, irin wanda muke jin Shata da Ɗanƙwairo a ciki, ba wani daban ba. Sai a mai da lambobin nan sauti, gajere da dogo, gajere da dogo, dubbai a cikin daƙiƙa kaɗan. Kai ka ji ƙara, ita kwamfuta ta ji magana. Kamar kalangu ne: baƙo ya ji kiɗa kawai, amma ɗan gari ya san an kira sunan wane, an yi wa wane habaici. Yaro zai sa kaset ya zauna minti biyar, wani lokaci fiye da goma, yana jiran wasa ya gama shiga. In zaren ya ɗan tauye a tsakiya, sai a koma farko. Kuma da ka kashe wuta komai ya goge, gobe sai an sake.

Bari in ɗan yi ratse a nan, tun da ni ma'aikacin rediyo ne abin ya burge ni. Da yake sauti ne, har ta rediyo an aika da shi. A 1984 gidan rediyon BBC yana da wani shiri mai suna The Chip Shop, inda ake sakin wannan ƙara a iska, masu sauraro su ɗauka a kaset su zuba wa kwamfutocinsu. Ku duba fa. Ni da zan saki minti biyu na irin wannan a shirinmu, kafin in fito daga ɗakin watsa shiri wasiƙun zagi sun cika tebur.

To mu zo ga ainihin magana, wato wasannin da aka fara ba a gama ba, da waɗanda aka gama amma ba su ga kasuwa ba. Suna da yawa ƙwarai, na Commodore 64 kaɗai sun kai dubbai. Kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, akasarinsu ba rashin gwaninta ya kashe su ba. Kasuwa ce ta kashe su, irin kasuwar da ku da kanku kuka sani.

Ga yadda sana'ar take. Mai rubuta wasa sau da yawa saurayi ne, wani ma bai gama sakandare ba, yana aiki a ɗakin kwanansa. Kamfani zai ba shi kafin alƙalami, ya ce ka gama nan da wata kaza. Tun bai gama ba kamfani zai sayi shafin talla a mujallu, domin mujalla tana son tallarta da wuri kafin a kai ta maɗaba'a. Za a zana bango mai kyau, a kama layi a masana'antar da ke kwafar kaset, a yi wa masu kantuna alkawari. Duk wannan bashi ne ke hawa. Kuma babbar kasuwarsu ɗaya ce a shekara, lokacin Kirsimeti, sa'ad da iyaye ke yi wa yara sayayya. Wanda wasansa bai kammala ba kafin nan, ya zama mai ragunan da ya iso kara kwana biyu bayan Layya. Ragunan na nan da ƙibarsu, amma wa zai taya?

Babban misali da har yau ake bayarwa shi ne na wani kamfani mai suna Imagine Software a birnin Libaful na Ingila. Wasu samari biyu, Mark Butler da David Lawson, suka kafa shi a 1982. Wasanninsu na farko sun samu karɓuwa, kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. Sai aka kama manyan ofisoshi, aka sayi motocin tsere, aka ɗebi ma'aikata. Jaridu suka yi ta yayata cewa wani yaronsu, Eugene Evans, wanda bai kai shekara 18 ba, yana samun fam 35,000 a shekara. Kowa ya ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa.

Gab da Kirsimetin 1983 sai suka yi wata dabara irin ta 'yan kasuwa. Suka je babbar masana'antar kwafar kaset suka kama layinta duka, don kada abokan hamayya su samu inda za su buga nasu. Alhaji na Shagari, kai ka fi ni sanin wannan: mutum ya saye albasar kasuwa kaf ya jibge a rudu yana jiran tsada, sai farashi ya ƙi tashi, albasa ta fara tsira. Haka ta faru da su. Aka wuce biki, kaset jibgi-jibgi na zube a sito ba mai saye.

Maimakon su ja da baya, sai suka ƙara gaba. Suka shelanta cewa suna kan haɗa wasu wasanni biyu da duniya ba ta taɓa ganin irinsu ba: Bandersnatch na Spectrum, da Psyclapse na Commodore 64. Wata da watanni ana buga talla a mujallu, ba hoton wasan ko ɗaya, sai hoton masu rubuta shi da romon baka. Wasa a lokacin fam 5 ne zuwa 7, amma su suka ce nasu zai kai kusan fam 40. Dalili kuwa, abin da suke son yi ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar na'urar, don haka sai an haɗa wa kowane mai saye wani ƙarin ƙarfe da zai maƙala a bayan kwamfutarsa. Wato dai sun sayi sa, alhali garkensu na akuya ne, sai kuma an faɗaɗa garke a kowane gida.

Ni a ganina samarin da ke rubutun ba 'yan damfara ba ne, sun yi aiki dare da rana, kuma Bandersnatch ya yi nisa har ana iya ganin wani abu a talabijin. Shi Psyclapse ne bai wuce zane a takarda ba. Laifin na masu riƙe da jaka ne, da suka yi cinikin biri a sama. Masu mujallu suka gaji da jiran kuɗin talla suka kai ƙara, kotu ta ba da umarnin rufe kamfanin a watan Yuli na 1984, wato wata shida da 'yan kwanaki ke nan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin farar hula a nan gida. Abin mamaki, a daidai lokacin ma'aikatan talabijin na BBC suna cikin kamfanin suna ɗaukar shiri a kan irin nasarar da ya samu. Sai ga shi a gaban kyamara ma'aikata sun dawo daga cin abincin rana sun tarar ma'aikatan kotu sun tare ƙofa. An nuna shirin a watan Disamba na wannan shekara, kuma har yanzu ana kallonsa.

Sai dai aikin bai tafi a banza duka ba. Wasu daga cikin mutanen suka kafa sabon kamfani mai suna Psygnosis, suka ɗauki gawar Bandersnatch suka sake mata riga, ta fito da sunan Brataccas a kan wasu sababbin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwa babba. Wannan Psygnosis ya yi ƙarfi har kamfanin Sony ya saye shi a 1993. Sunan Bandersnatch kuwa ya sake tasowa da kamfanin Netflix ya fitar da wani fim mai wannan suna, kan wani saurayi mai rubuta wasa a 1984. Mutanen Shagari ba za su manta ranar da fim ɗin ya fito ba, ko da ba su taɓa jin labarinsa ba: 28 ga Disamba 2018, ranar da Allah ya yi wa Alhaji Shehu Shagari rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Wannan ke nan, mutuwa ta hanyar bashi. Akwai kuma mutuwa ta hanyar tsufan na'ura, kuma a nan ne wasan agwagwar ɗan Alhaji ya shigo. Sunansa Daffy Duck, wata agwagwa ce baƙa ta zanen barkwanci na Amurka. Wani kamfani a garin Shafil na Ingila, Hi-Tec Software, mai sayar da wasanni masu araha, shi ya sa aka yi shi don Commodore 64. Samari biyu suka rubuta, Ashley Routledge da David Saunders. Aiki ya kammala, har aka aika wa wata mujalla mai suna Zzap!64 ta gwada, ta ba shi maki 94 cikin 100 a 1992. Yara suka karanta, suka tara kuɗi, suka yi ta sintiri a kantuna. Shiru. Ashe kafin a kai ga buga kaset kamfanin ya durƙushe. Kuma a 1992 Commodore 64 ta shekara goma, yara sun fara komawa Sega da Nintendo, kantuna suna rage mata wuri a kanta. Ba wanda ya ga ribar sayen wasan daga hannun masu bin bashi, balle ga kuɗin izinin agwagwar da za a sake biya wa masu ita a Amurka. Sai aka bar shi a nan. Kamar mai kaset ne da ya cika shago a shekarar da kowa ya koma tura waƙa a memori.

Irin wannan ta faru da wani wasa, Putty Squad, na kwamfutar Amiga, ita ma ta kamfanin Commodore. An gama shi a 1994, mujallu sun yaba, amma a shekarar ce Commodore ya karye, masu wasan suka ga ba kasuwa suka ajiye. Sai a watan Disamba na 2013 suka fito da shi suka raba kyauta.

Wani lokaci kuma shi mai aikin ne ke gajiya. Akwai wani yaro Matthew Smith, wanda yana ɗan shekara 17 ya rubuta Manic Miner a 1983, wasan da ya girgiza Ingila. Aka matsa masa ya yi na biyu, Jet Set Willy, ya fito a 1984 da kurakurai a ciki, ta yadda duk iyawarka ba za ka iya kai ƙarshensa ba, sai da kamfanin ya buga wasu lambobin gyara da mai saye zai shigar da hannunsa. Ka ga wannan an sayar, amma ba a gama ba. Na ukun da aka yi ta jira bai taɓa fitowa ba, shi kansa yaron ya bar sana'ar aka daina jin ɗuriyarsa shekaru da dama. Haka nan wasu 'yan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper, sun rubuta a ƙarshen wasanninsu cewa labarin zai ci gaba a wani mai suna Mire Mare. Yara suka yi ta jira. Su kuwa suka sayar da sunan kamfaninsu suka koma yi wa Nintendo aiki, Mire Mare bai fito ba har yau.

Kada kuma ku ce to ai gara a fitar ko yaya yake. An gwada. A 1982 kamfanin Atari na Amurka ya ba wani ma'aikacinsa, Howard Scott Warshaw, mako biyar kacal ya haɗa wasan wani fim mai suna E.T. don ya riski Kirsimeti. Ya riska, amma ɗanye ne, masu saye suka yi ta mayarwa. A watan Satumba na 1983 kamfanin ya kwashi kayan da suka yi kwantai, wannan wasa da wasu, wajen guda 700,000, ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tona wurin a watan Afrilu na 2014 aka same su. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi.

To yaya aka yi wanda ya ɓace ya dawo? A nan Alhaji ka yi daidai da ka ambaci rumbu. Akwai wani Bature a Ingila, Frank Gasking, wanda tun yana yaro yake karanta labarin wasannin da ba su fito ba, abin yana damunsa. A 1999 ya fara wani aiki da ya kira Games That Weren't, ma'ana wasannin da ba su kasance ba. Shi da abokansa sukan ɗauki tsohuwar mujalla, su ga talla ko sharhin wani wasa, su nemi sunan wanda ya rubuta, su bi sawunsa. Sau da yawa sai su tarar mutumin ya yi furfura, yana wani aiki daban, ya ma manta. Su roƙe shi ya duba saman silin ko bayan gareji. Wani ya ce ai na zubar lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Wani ya ce na ɗauki wani abu a kai. Wani kuma, cikin ikon Allah, ya fito da kwali mai ƙura cike da faifan kwamfuta irin na da, mai laushi, wanda ke cikin baƙin ambulan na roba.

Samun faifai ba shi ne samun wasa ba, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Rubutun da ke kan faifai da zaren kaset na maganaɗisu ne, yana dusashewa da shekaru, zafi na cin sa, danshi na sa masa hunhuna. Sai an goge a hankali, a karanta da tsohuwar na'ura ko wadda aka ƙera don wannan aiki, wani lokaci faifan sau ɗaya zai karantu ya mutu. Kuma abin da ake samu galibi gutsattsari ne: zane a nan, kiɗa a can, umarni a wani faifai, kamar ka tarar da tubali da azara da ƙyaure a kango, sai ka nemo maginin da ya san yadda aka so a ɗora su. Haka aka yi da Daffy Duck. An shafe shekaru ana nema, a ƙarshe aka samu gutsattsarinsa cikin tsofaffin faifan da masu rubuta shi suka adana, wani gwani ya harhaɗa, aka sake shi kyauta a 2015, shekara 23 bayan mujalla ta yabe shi. Waɗanda suka tara kuɗin tara don su saya, da 'ya'yansu suka buga shi. Shi Gasking ya tattara irin waɗannan labarai a wani littafi mai shafi fiye da 600 da ya fito a 2020.

Yadda ya shiga wayar ɗanka kuwa, akwai manhajar da ke sa waya ko kwamfutar zamani ta kwaikwayi tsohuwar Commodore 64, ta yi kamar ita ce. Tun da wasan duka bai kai nauyin hoto ɗaya ba, ɗaruruwansu sai su zauna a waya ba ta ma san suna nan ba.

Wannan batu na adana ya taɓa ni, don na ga irinsa da idona. A wani gidan rediyo da na taɓa aiki, na nemi wata hira da aka yi da wani tsohon makaɗin noma wanda ya riga mu gidan gaskiya. Na samu kwalin, na samu sunansa a jiki, na sa a na'ura, sai na ji sanarwar ɗaurin aure. Ashe an yi ƙarancin kaset wata shekara, aka ɗauki wani abu a kai. Ba wanda ya yi da mugunta, amma muryar ta tafi ke nan. Ku mutanen Boɗinga kun fi kowa sanin darajar ajiya. A garinku Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, ga Sifawa nan kusa da ku inda Shehu ya yi shekaru. Ba ina haɗa wasan yara da littattafan malamai ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, rubuce-rubucensu sun iso mana ne don an samu masu kwafa da masu sa wa a gafaka suna kare su daga gara da ruwa, har aka tara wasu a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Hanyar tsira ɗaya ce, ko takarda ce ko zaren kaset.

Yanzu Malam mai gyaran rediyo, ga abin da za ka yi da naka. Wanda ke da bango mai launi da sunan kamfani, wannan wasa ne da ya shiga kasuwa, an buga dubbai irinsa, kuma kusan tabbas an riga an kwafe shi an adana. In ma za a saya, kuɗin ba zai taka kara ya karya ba. Don haka wanda ya ce maka dukiya ce, ka yi hattara da shi. Irinsu ne masu yawo suna cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsohon rediyo ko keken ɗinki, su ce ka ba da kuɗin gwaji ko kuɗin mota a kawo mai saye daga Legas. Kada ka ba kowa ko sisi.

Biyun masu rubutun hannu su ne abin dubawa, amma kada ka sa rai da yawa. Yaran Turawa ma sun iya satar fasaha: rikoda mai baki biyu suke samu su kwafe wasan aboki, kamar yadda aka riƙa yi wa finafinan Kano, kuma kamfanoni irin su Imagine sun yi ta kuka da wannan. Mafi yawan kaset masu rubutun hannu irin wannan kwafe ne. Amma jefi-jefi a cikin irinsu ne ake tsintar aikin wani da bai taɓa fitowa ba, musamman in ka ga an rubuta kwanan wata da lamba, kamar gwaji na ɗaya, gwaji na biyu.

Saboda haka kada ka zubar, kuma kada ka ɗauki waƙa a kai. Ka duba saman kaset ɗin ta baya, akwai 'yan kunnuwa biyu na roba. Ka ɓalle su, rikoda ba za ta ƙara yarda ta yi ɗauka a kansa ba. Ka nisanta su da lasifika, don mayen ƙarfen da ke bayanta yana goge zare, kuma na san shagon mai gyara ba ya rasa lasifiku a zube. Kada ka bar su a rana ko ƙarƙashin kwano inda zafi ke sauka, ka sa su a leda cikin akwati saboda ƙurar hunturu. Ka daina yawan kunna su don nuna wa mutane, kowane juyi yana ci musu rai, balle in rikodar mai cin zare ce. In kana da wadda ka amince da ita, ka kunna sau ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ka jona waya daga ramin abin sauraro zuwa kwamfuta a ɗauki sautin, kada a matse shi irin yadda ake matse waƙoƙin waya, don matsewar na ɓata lambobin. Daga wannan sauti masana za su iya fitar da abin da ke ciki.

Kafin nan, ka sa wani yaro ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin kaset biyun, gaba da baya, ka aiko mana tare da wasiƙarka ta gaba, mu karanta mu gaya maka abin da aka rubuta. Alhaji na Shagari kuma, a gai da yaro, a ce masa Malam ya ce agwagwa ba ta cin jarrabawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayar da ta zo daga Danchadi a kan tsutsar da ke cin masara. Ku huta lafiya.